An yi mini dariya a ofis saboda fassarata, in ajiye aikin?

Salamu alaikum Anti. Ni 'yar Maraɗi ce. Firamare da sakandare da Faransanci na yi su a gida, sannan na yi digiri a wata jami'a a Najeriya. Wata biyu ke nan da wata ƙungiya mai zaman kanta ta ɗauke ni aiki a Yamai, gwaji na wata uku, ina fassara saƙonni da rahotanni daga Ingilishi zuwa Faransanci. Rahoto mai tsari ba ya ba ni wahala. Abin da ke kayar da ni saƙonnin abokan aikinmu na Abuja da Landan ne, masu rubutu kamar suna hira. An rubuto "please break down the figures", na sa "casser les chiffres", shugabar sashenmu ta karanta a gaban mutane aka yi ta dariya. Ganin haka sai na koma neman irin maganar Faransawa a intanet, har na rubuta cewa wani hakimi "ne s'est pas pointé" a taro, cikin wasiƙar da za a kai ofishin gwamna. Allah ya sa ta gani kafin a aika, amma ta tambaye ni ko na san abin da nake yi kuwa. Akwai wani dattijo da ya daɗe a wannan aikin, in na tambaye shi sai ya ce in sa a na'ura. Barci ya ƙaurace mini, saura wata guda a yanke hukunci a kaina. Innata ta ce in yi haƙuri, ni kuwa ina ganin gara in ajiye tun ba a sallame ni ba. Ki ba ni shawara.

Wata 'yar uwa daga Yamai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ajiye. Abin da aka yi miki a gaban mutane da ciwo, kuma ba haka ake gyara wa sabon ma'aikaci ba, za mu zo kan wannan. Amma ki sake duba wasiƙarki. Ke da bakinki kin ce rahoto mai tsari ba ya ba ki wahala, wato harsunan biyu duk suna hannunki. Inda kike tuntuɓe wuri guda ne, kuma wurin da kusan duk mai fassara tsakanin waɗannan harsuna yake tuntuɓe a farkon aikinsa. Kurakuran nan biyu da kika kawo ma ba iri ɗaya ba ne. Na farko kuskuren ma'ana ne, na biyu ma'anar daidai take, matsayin maganar ne bai dace da wanda ake rubuta wa ba. Kowanne da maganinsa.

Mu fara da na ma'ana. Bature mai Ingilishi yakan ɗauki ƙaramin aikatau kamar "break" ko "put" ko "get" ya liƙa masa 'yar kalma a wutsiya, "down" ko "off" ko "up", sai su biyun su haifi wata ma'ana da ba ta cikin ko ɗaya daga cikinsu. Faransanci ba ya gina magana haka, kowace ma'ana aikatau nata daban yake ba ta. To ke kina da abin da Bafaranshe ba shi da shi, domin Hausa ma tana wannan wasan. Ki dubi ci da cinye, sha da shanye, saya da sayo da sayar. Ki dubi ci amana, ci bashi, ci gaba, sha kashi, sha iska. Ba za ki taɓa fassara "ya ci amanata" da "il a mangé ma confiance" ba, domin kunnenki ya san ba abinci ake nufi ba. Wannan kunnen nake so ki sa wa Ingilishi. Duk lokacin da kika ga aikatau da wutsiya, ki ɗaga hannu daga kwamfuta, ki faɗa wa kanki da Hausa abin da mutumin yake so a yi, sannan ki tambayi kanki yadda za a faɗi wannan a ofis a Yamai. "Break down the figures" da Hausa shi ne a rarrabe alƙaluman, maza nawa, mata nawa, wace gunduma nawa. Daga nan Faransancin zai zo da kansa: "ventiler les chiffres par sexe et par commune", ko "détailler les chiffres". A rahotannin ƙungiyoyi za ki kuma riƙa ganin "données désagrégées".

Sai ki lura da abin da ke kusa da aikatau ɗin, domin shi ke yanke hukunci. Wannan "break down" ɗin idan mota ce, "tomber en panne". Idan tattaunawa ce, "les négociations ont échoué". Idan mace ce aka ba labarin rasuwa, "elle a fondu en larmes". Haka "make up": "women make up half of the group" shi ne "les femmes représentent la moitié du groupe", "he made up the story" shi ne "il a inventé l'histoire", "they made up" kuwa "ils se sont réconciliés". Saboda haka haddace ma'ana ɗaya ga kowane aikatau ba zai fisshe ki ba. Jimla ake riƙewa.

Akwai kaso guda mai sauƙi da ya kamata ki ware gefe, wato masu nuna motsi. A nan harsunan biyu musayar wuri suke yi. Ingilishi yana sa yadda aka yi tafiyar a cikin aikatau, inda aka nufa a wutsiya, Faransanci kuma ya juya. "She ran out of the room" sai ya zama "elle est sortie de la pièce en courant", "he swam across the river" ya zama "il a traversé le fleuve à la nage". Masana fassara biyu, Jean-Paul Vinay da Jean Darbelnet, sun bayyana wannan tun 1958, ana kuma kiransa "chassé-croisé". Sau da yawa ma yadda aka yi tafiyar zubar da shi ake yi: "he walked into the office" ba ya bukatar komai bayan "il est entré dans le bureau", tun da ba wanda ya zaci a kan doki ya shigo. Amma ki kiyaye, "we ran out of vaccines" ba gudu a ciki, ƙarewa ce: "nous sommes en rupture de stock de vaccins". Wutsiyar "back" kuwa yawanci "re" ce a gaban aikatau, "call back" "rappeler", "send back" "renvoyer". Ita kuma "up" wani lokaci aikinta irin na cinye da shanye ne, nuna an gama kaf, shi ya sa "use up the budget" yake zama "épuiser le budget".

Na ofis su za ki fi haɗuwa da su, kuma ba su da yawa kamar yadda tsoro yake nuna miki, 'yan gomomi ne suke ta dawowa. "Follow up" idan kan aiki ne "assurer le suivi", idan kan mutumin da bai amsa saƙo ba ne "relancer". "Roll out" "déployer" ko "lancer". "Scale up" "étendre" ko "passer à l'échelle". "Reach out to" ba komai ba ne illa "contacter" ko "prendre contact avec", kada ki miƙa hannun kowa. "Put off" ɗagewa ce, "reporter", "call off" sokewa ce, "annuler", kuma rikita waɗannan biyun ya fi "casser les chiffres" haɗari, domin ba wanda zai yi dariya, mutane ne kawai za su zauna jiran sabuwar ranar taron da aka soke. "Drop out of school" "abandonner l'école". "Sort out" "régler". Ga kuma wani tarko ga mai karɓar saƙo daga wurare daban-daban: "to table a proposal" a bakin ɗan Ingila gabatarwa ce, "soumettre" ko "déposer", a bakin ɗan Amurka kuwa jinginewa ce, "ajourner". In kika gan shi ki fara duba wa ya rubuto. Sannan 'yan ƙananan da ke tona asirin mai tunani da Ingilishi: "chercher", "attendre", "demander" da "payer" ba sa son "pour" a bayansu a inda Ingilishi ke sa "for". "J'attends votre réponse", shi ke nan.

Yanzu hakimi. "Se pointer" ma'anarsa daidai ce da "show up", ba ki yi kuskure a nan ba. Amma magana ce ta abokai a majalisar shayi, kamar ki rubuta wa gwamna cewa hakimi ko ƙeyarsa ba a gani ba. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, Ingilishin ofis na yau ya sassauta ƙwarai, darakta zai rubuta wa minista "thanks for showing up" ba a ga laifinsa ba, alhali rubutaccen Faransanci, balle na hukuma a Nijar, yana nan da rawaninsa. Don haka sau da yawa sai kin ɗaga maganar mataki ɗaya sama da yadda aka rubuto ta. "Le chef de canton n'a pas pris part à la rencontre" ya isa, ko "était absent". Kada kuma ladabi ya ja ki ki sa "n'a pas pu", domin wannan uzuri ne kika ƙirƙiro masa wanda marubucin bai faɗa ba. Haka "we messed up": tsakanin abokan aiki "on s'est plantés" zai wuce, a rahoto kuwa "nous avons commis une erreur". Kafin ki fara kowace takarda ki rubuta a samanta da fensir wa zai karanta, kuma "tu" ne ko "vous". Duk kalmar da kika tsinto a intanet ki duba ta a ƙamus na Faransanci, Petit Robert ko Larousse. In kika ga an sa mata alamar "fam." ko "pop." ko "vulg.", wato maganar hira, ta titi ko ta batsa, ba ta shiga wasiƙar hukuma.

Karin magana da salon magana hanya uku ake bi da su. Wasu suna da 'yan uwa a Faransanci da kowa ya sani: "cost an arm and a leg" "coûter les yeux de la tête", "beat around the bush" "tourner autour du pot", "the last straw" "la goutte d'eau qui fait déborder le vase", "on the same page" "sur la même longueur d'onde", "pull someone's leg" "faire marcher quelqu'un". Wasu kusan kalma da kalma suke tafiya, kamar "the ball is in your court" da "la balle est dans votre camp", amma waɗannan sai kin tabbatar a ƙamus, kada ki yi zato. Sauran kuwa, waɗanda su suka fi yawa a aikinki, sai ki bar hoton ki faɗi ma'anar tsagwaronta: "ballpark figure" "un ordre de grandeur", "touch base" "faire le point", "low-hanging fruit" "les résultats les plus faciles à obtenir". A ganina wannan hanya ta uku ita ya kamata ta zama gidanki a watan nan. Babu shugabar da za ta ja jan alƙalami a kan jimla mai sauƙi wadda ta faɗi gaskiyar abin da aka rubuto. Ado ya biyo baya.

Akwai wata baiwa da kike da ita wadda ba ki ambata ba, ina jin ba ki ma ɗauke ta a bakin komai ba. Kin zauna a Najeriya. Idan ma'aikaciyar lafiya ta rubuto cewa wata mata "took in", ke kin san ciki ta ɗauka, "elle est tombée enceinte", in ta ce "she put to bed" kin san haihuwa ta yi, "elle a accouché". "Flash me" shi ne "bipe-moi" da ake faɗa a Yamai kullum, "go-slow" "embouteillage", "I'm coming" a bakin mai fita kuwa "ina zuwa" ɗinmu ne, wato "je reviens". Wanda ya koyi Ingilishinsa a littafi kawai zai kwantar da mai jego a gado ya wuce. Ofis mai hulɗa da Abuja yana bukatar mai wannan kunnen.

Game da kayan aiki, jeri yana da muhimmanci. Ki fara da ƙamus na Ingilishi zalla, Cambridge ko Oxford na masu koyo, duka kyauta suke a intanet, ki gano wace ma'ana ce daga cikin biyar ko shida ta dace da jimlarki. Sannan ki je ƙamus mai harshe biyu, Robert & Collins ko WordReference. Linguee da Reverso suna nuna jimloli cikin mahallinsu, suna da amfani, sai dai fassarorin mutane ne aka tattaro, da masu kyau da marasa kyau, don haka ki fifita misalan da suka fito daga Majalisar Ɗinkin Duniya ko Tarayyar Turai. Kalmomin aikin agaji da raya ƙasa kuwa UNTERM, rumbun kalmomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tanade su. Dattijon nan da ya ce ki sa a na'ura bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, DeepL da Google sukan kama irin su "break down" daidai. Amma ba su san hakimi ba, ba su san Ingilishin Abuja ba. Ki yi taki fassarar tukuna, sannan ki kwatanta, inda kuka saɓa nan za ki bincika. Kuma kada ki zuba takarda mai sunayen marasa lafiya ko masu karɓar tallafi a cikinsu sai kin tambayi ƙa'idar ofis, wannan laifi ne da ya fi kuskuren fassara nauyi nesa ba kusa ba.

Ki buɗe littafi guda, kowane shafi gida huɗu: jimlar Ingilishi cikakkiya, ma'anarta da Hausa, Faransancin hira, Faransancin takarda. Abin da za ki fara cika shi da shi gyare-gyaren shugabarki ne, duk jan alƙalamin wata biyun nan. Sannan ki nemi tsofaffin rahotannin ofis guda goma da suke da harsuna biyu, ki jera su gefe da gefe, ki tsamo yadda gidan ya saba faɗar abubuwa, domin kowane ofis da bakinsa. Ki riƙa karanta jaridar Le Sahel minti ashirin kullum don kunnenki ya saba da yadda ake ambaton hukumomi da sarakuna. In kin gama fassara, ki rufe Ingilishin, ki tashi ki sha ruwa, ki dawo ki karanta Faransancin shi kaɗai da ɗan sauti. Duk jimlar da ba za ki iya faɗa wa wani a ofis ba tare da ya ɗaga gira ba, akwai Ingilishi kwance a ƙarƙashinta. Kada tsayin rubutunki ya dame ki, fassarar Faransanci takan fi asalin Ingilishi tsawo da kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari.

Shugabarki kuma. Karanta kuskurenki a bainar jama'a bai dace ba, ba zan wanke ta ba. Amma ki tsaya a inda take tsaye na ɗan lokaci. Da wasiƙar nan ta isa ofishin gwamna, ita za a kira, kuma dangantakar da aka yi shekaru ana ginawa da masarauta na iya taɓuwa saboda kalma biyu. Tsoro ne ya yi magana a bakinta ranar. Mai irin wannan tsoron ba ban haƙuri take jira ba, so take ta ga alamar abin ba zai sake faruwa ba. Ki nemi minti goma sha biyar da ita ku biyu kawai, cikin satin nan, kada ki jira ƙarshen wata. Ki je da littafinki, ki nuna mata kin tattara gyare-gyarenta kin kasa su gida biyu, na ma'ana da na matsayin magana, ga kuma abin da kike yi a kan kowanne. Ki roƙi abu biyu: ta faɗa miki ƙarara abin da za a duba ranar yanke hukunci, kuma duk wasiƙar da za ta fita zuwa hukuma wani ya sake karantawa kafin a aika. Wannan na biyun ba gazawa ba ce, ƙa'idar sana'ar ce, ma'aunin ISO 17100 na aikin fassara ma ya shardanta mutum na biyu ya duba aikin na farko. Maganar dariyar kuwa ki faɗe ta sau ɗaya a ƙarshen zaman, cikin ladabi, cewa gyara ya fi shigar ki in an yi miki ku biyu. Yawancin shugabanni sukan ji wannan idan ya fito daga bakin wanda ya zo da shiri.

Dattijon ba mu san zuciyarsa ba. Wataƙila yana ganin an kawo ki ne don a ture shi, wataƙila gajiya ce, wataƙila kuma irin masu iya aiki ne da ba su iya bayani ba. Ki daina kai masa buɗaɗɗiyar tambaya. Ki gaishe shi yadda ya kamata, ki ce "Baba, ga jimla, na rasa tsakanin wannan da wannan, wanne aka saba sa wa a nan?" Zaɓi tsakanin biyu daƙiƙa goma ne, kuma kin ba shi girmansa na wanda ya san gida. Ranar da Ingilishin Abuja ya ɗaure masa kai, ki warware masa a asirce. In duk da haka ya ƙi, ki bar shi da gaisuwa. Su kansu masu rubuto saƙonnin kina iya tambayarsu, layi ɗaya ya isa: ɗagewa kuke nufi ko sokewa? Ba mai fassarar kirki da ba ya tambaya.

Idan watan ya cika aka ce ba a gamsu ba, ki duba takardar kwangilarki ko ta ba da damar sabunta lokacin gwaji, ki nema. In ba hali, ki karɓi takardar shaidar aiki ki fita da mutuncinki, wata ukun nan sun shiga tarihin aikinki, abin da ajiyewa a tsakiya zai hana ki. Tun da kundin da Nijar ta kafa a 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, mai riƙe da ukun nan ba ta rasa inda za ta nufa ba, ko a fassara, ko tafinta a fili, ko koyarwa.

Innarki ta yi gaskiya, sai dai ki haɗa haƙurin da aiki. Ki sa wa kanki lokacin rufe kwamfuta da dare, domin idon da bai yi barci ba shi ke tsallake "off" ya karanta "out". In rashin barcin ya zarce sati biyu nan gaba ki je asibiti a duba ki. Gobe da safe ki fara da tattaro takardun da aka ja wa jan alƙalami, sannan ki nemi ganin shugabar kafin Juma'a. Allah ya ba ki sa'a, ki rubuto mini yadda kuka yi.